Tarihin ƙwayar tazarar haihuwa da wahalar kwanakin kafin haila

Akwai wata wahala da mata da yawa suka sani, amma ba a cika zancenta a tsakar gida ba. Idan ya rage kwana biyar ko mako guda mace ta ga al'adarta, sai jikinta ya sake. Nono ya cika yana ciwo. Ciki ya kumbura. Kai ya yi nauyi. Wata ta ji kasala, ko tulu ba ta son ɗauka. Wata kuma ranta ne ke ɓaci, abu kaɗan ta yi faɗa, ko ta yi kuka ba wanda ya taɓa ta. Da jini ya zo, kwana ɗaya ko biyu, sai abin ya wuce kamar ba a yi ba. Wata mai zuwa kuma ya dawo.

Mai gida yakan ce halinta ne. Kishiya takan ce neman fitina ne. Ita kanta ba ta san sunan abin da ke damunta ba.

To, matan da ke zuwa likita karɓar ƙwayar tazarar haihuwa sukan yi tambaya: wannan ƙwaya za ta rage mini wahalar nan, ko za ta ƙara ta? Amsar ba ta fita da kalma ɗaya. Sai mun bi tarihin ƙwayar tun daga tushe.

Abin da ke faruwa cikin jiki

Mace tana da gidan ƙwai biyu, ɗaya a dama, ɗaya a hagun mahaifa. Kowane wata ƙwai ɗaya ke nuna ya fito, wajen kwana 14 kafin jini ya zo. Gidajen ƙwan nan suna zuba wasu sinadarai biyu cikin jini, kamar ƴan aike masu kai saƙo ko'ina cikin jiki. Masana suna kiran na farko istirojin, na biyu furojestiron. Bayan ƙwai ya fito, na biyun yakan yi yawa. Shi ke gyara mahaifa, yadda manomi ke share gona kafin ruwa ya sauka. In ciki bai shiga ba, sai sinadaran biyu su ragu, shimfiɗar mahaifa ta zube. Ita ce haila.

Wahalar da muke zance cikin waɗannan makonni biyu na bayan fitar ƙwai take zuwa. Yarinyar da ba ta balaga ba ba ta san ta ba. Mai ciki ba ta yin ta. Tsohuwar da ta daina haila ta rabu da ita. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Wata tsohuwa za ta ce su a zamaninsu ba su san wannan fitina ba. Tana da ƴar gaskiya. Tun daga 1986 wata mai bincike daga Amurka, Beverly Strassmann, ta zauna cikin Dogon na ƙasar Mali fiye da shekara biyu. Matan can suna da ɗakin da suke kwana lokacin haila, saboda haka ƙidaya ta yi sauƙi. Ta tarar macen Dogon tana ganin haila wajen sau 100 duk rayuwarta, macen Amurka kuwa wajen sau 400. Ciki da goyo da shayarwa ne suka cinye sauran watannin. Kakanninmu ma kusan haka suke. Wadda ba ta ga haila da yawa ba, ba ta sha wahalar gabanta da yawa ba.

Lokotoro sun daɗe ba su ba abin suna ba. A 1931 ne wani lokotoro na birnin Niyok, Robert Frank, ya rubuta labarin mata 15 masu wannan damuwa. A 1953 kuma wata lokotoro ta Ingila, Katharina Dalton, da abokin aikinta Raymond Greene suka yi rubutun da ya sa duniya ta waiwayo. Ita Dalton a jikinta ta san abin. Kowane wata ciwon kai mai tsanani ke kama ta kafin haila, da ta ɗauki ciki sai ya ɓace. Ta zaci ƙarancin furojestiron ne, ta yi ta ba mata shi shekara da shekaru. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya ba su tabbatar da maganin nata ba. Amma ta bar dabara ɗaya mai kyau: takan sa mace ta riƙa yin alama a takarda kowace rana.

Doyar dajin Meziko

A wancan zamani furojestiron ya fi zinariya tsada. A 1934 masanan Jamus sun tara gidan ƙwan aladu 50,000 kafin su samu miligiram 20, abin da bai cika bakin farce ba. Kada mai karatu ya razana. An bar wannan hanya tuntuni, aka koma haɗa sinadarin daga tsiro.

Wanda ya buɗe wannan ƙofa wani masanin haɗa magunguna ne na Amurka, Russell Marker. Ya gano cewa akwai wata doyar daji a ƙasar Meziko wadda za a iya juya abin da ke cikinta ya koma furojestiron. A 1942 ya shiga motar haya ya tafi jihar Berakurus neman ta. Ya samu manyan saiwoyi biyu, ya ɗora su bisa mota cikin buhu. Kafin a iso gari an sace. Sai da ya ba wani ɗan sanda na goro kana ya samu guda ɗaya. Da wannan ɗaya ya tabbatar da dabararsa. Shekara ta gaba ya haɗa kilo 3, lokacin da giram ɗaya ke dalar Amurka 80. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta kasuwa ba. A 1944 shi da wasu mutum biyu suka kafa kamfanin Syntex a birnin Meziko.

A nan sai mu ja kunne. Cin doya, ta gida ko ta daji, ba ya hana ciki, ba ya maganin wahalar haila. Jikin mutum ba ya iya wannan juyi, sai a ɗakin haɗa magani.

Saura matsala ɗaya. Furojestiron na asali ba ya aiki sosai in an haɗiye shi, sai da allura. Ran 15 ga Oktoba 1951, wani saurayi ɗan Meziko mai shekara 26, Luis Miramontes, yana aiki ƙarƙashin Carl Djerassi a Syntex, ya haɗa wani irinsa mai ƙarfi wanda ake iya sha da ruwa. Shekara ta gaba Frank Colton na kamfanin Searle a Amurka ya haɗa wani mai kama da shi.

Mata biyu ne, dukansu tsofaffi, suka tura aikin gaba. Margaret Sanger ta yi aikin jinya cikin unguwannin talakawan Niyok, ta ga yadda haihuwa kusa da kusa ke karya mata. Katharine McCormick kuwa mai dukiya ce, ita ta zuba kuɗi. Suka sa Gregory Pincus aiki. Shi da Min Chueh Chang suka gwada kan zomaye, suka ga ƙwai ya daina fita. Wani lokotoron mata na birnin Boston, John Rock, ya fara gwadawa kan mata kaɗan.

Dabarar ba ta da wuya. In jiki ya ji sinadarin nan cikin jini kullum, sai ya yi kamar ciki ya riga ya shiga, ya daina sakin ƙwai.

Matan Fotoriko

Ana bukatar mata da yawa don gwaji, dokar jihar da su Rock suke kuwa ta hana maganin hana ciki. A 1956 sai aka kai gwajin tsibirin Fotoriko, wata unguwar talakawa mai suna Río Piedras. An gaya wa matan cewa ƙwayar tana hana ciki. Ba a yi musu bayani sosai cewa gwaji ne ake yi a kansu ba.

Lokotoron da ke lura da su mace ce, Edris Rice-Wray. Ta rubuta wa Pincus cewa ƙwayar tana hana ciki sarai in an sha ta daidai, amma tana wahalar da mata ƙwarai. Mata 17 cikin 100 sun yi kukan tashin zuciya, jiri, ciwon kai, ciwon ciki ko amai. Mazan da ke bisa aikin suka ce yawanci tsoro ne da tunani. Mata uku sun mutu cikin gwajin, ba a bincika gawarsu ba. Har gobe ba wanda zai iya cewa ƙwayar ce ko ba ita ba ce.

A ganina nan ne babban laifin wannan tarihi. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Matan sun faɗi abin da suke ji, wadda ke tare da su ta rubuta, aka ajiye takardar.

Ga wani abin da mutane da yawa ba su sani ba. Da aka fara sayar da ƙwayar a Amurka a 1957, da sunan Enovid, ba a matsayin maganin hana ciki aka sayar da ita ba. Hukuma ta yarda da ita ne don matsalolin haila masu tsanani. An dai rubuta gargaɗi cewa tana hana ƙwai fita. Kafin ƙarshen 1959 mata wajen 500,000 ke shan ta. Lalle wasu haila ce ke damunsu. Wasu kuwa gargaɗin ne suka karanta, suka gane. Sai a 1960 aka yarda a sayar da ita a fili don hana ɗaukar ciki. Kun ga ke nan, tun ranar farko ƙwayar nan da zancen haila tare suke tafe.

Ƙwayar farko tana da ƙarfi fiye da kima. Cikin kowace ɗaya akwai mikirogiram 150 na sinadari mai aikin istirojin. Tun 1961 aka fara jin labarin matan da jini ya daskare musu cikin jijiya, gudan ya tafi huhu. A 1969 wata ƴar jarida, Barbara Seaman, ta tara koke-koken mata cikin littafi. A watan Janairu 1970 majalisar dattawan Amurka ta zauna kan batun, ƙarƙashin Gaylord Nelson. Aka kira masana suka yi ta bayani, ba a kira mace ko ɗaya cikin masu shan ƙwayar ba. Sai wasu ƴan mata, cikinsu har da Alice Wolfson, suka miƙe tsakiyar zaure suna tambaya da ƙarfi don me ba a ji daga bakin masu sha ba. Hoton ya fita a talabijin. Bayan wannan aka tilasta sa takardar bayani cikin kowane kwali, kamfanoni kuma suka yi ta rage ƙarfin ƙwayar. Yawancin na yau mikirogiram 20 zuwa 35 ke cikinsu.

Kwana bakwai na hutu

Wadda ta taɓa riƙe katin ƙwaya ta san tsarinsa. Ƙwaya 21 masu launi ɗaya, sannan 7 masu wani launi. Waɗannan bakwai ɗin babu sinadari cikinsu, wani lokaci maganin ƙarin jini ne kawai. Cikin kwanakinsu ne jini ke zuwa.

Wannan jini ba haila ce irin ta asali ba, tunda ƙwai bai fita ba. Janye sinadarin ne ke sa shi zuba. Pincus da Rock ne suka tsara hutun, don mace ta ga jini kowane wata hankalinta ya kwanta, mutane kuma su karɓi ƙwayar. Pincus da kansa ya san ana iya tsawaita kwanakin.

Me ya haɗa wannan da zancenmu? Ku tuna, wahalar kafin haila tana bin hawa da saukar sinadarai bayan fitar ƙwai. Ƙwaya tana tsai da fitar ƙwai, tana daidaita sinadaran. Bisa lissafi, ya kamata wahalar ta ƙare. Amma mata da yawa sun ce ba ta ƙare ba, wuri ta sake. A shekara ta 2000 wata lokotoro ta jihar Tekzas, Patricia Sulak, ta sa mata masu shan ƙwaya su rubuta abin da suke ji kullum. Ta tarar ciwon kai, ciwon mara, kumburi da ciwon nono sun fi yawa cikin kwana bakwai na hutu. Hutun da aka sa don kwantar da hankali, shi ke komo da saukar sinadari.

Daga nan aka fara taɓa tsarin. A 2003 Amurka ta yarda da wata ƙwaya da ake sha kwana 84 a jere kafin hutu. A 2006 ta yarda da wata mai suna Yaz, ta kwana 24 da hutun kwana 4, don matan da wahalarsu ta kai matuƙa. A 2019 ƙungiyar masanan wannan fanni ta Ingila ta bayyana cewa hutun kwana bakwai ba shi da wani amfani ga lafiya. Wannan ba izini ba ne mace ta sake tsarin shanta da kanta. Magana ce da za ta kai wa ungozomar likita.

To, tana magani ko ba ta yi?

Wajen ciwon mara lokacin haila da yawan zubar jini, babu gardama, ƙwaya mai sinadari biyu tana ragewa ga yawancin mata. Wajen ciwon nono da kumburi, wasu sun samu sauƙi, wasu ba su samu ba. Cikin wata uku na farko ma ƙwayar kanta takan kawo tashin zuciya, ciwon nono da ɗigon jini, yawanci su wuce daga baya.

Wajen ɓacin rai ne amsa ta rabu. A 2003 masu bincike na jami'ar Habad a Amurka suka tambayi mata 658 da suka taɓa shan ƙwaya. Wajen 71 cikin 100 suka ce ba su ga canji ba. Wajen 12 suka ce ransu ya fi sanyi kafin haila. Wajen 16 suka ce abin ya ƙaru. Waɗanda suka taɓa ciwon baƙin ciki mai tsanani tun da can, su suka fi shiga cikin na ƙarshen. A 2016 kuma aka duba takardun mata fiye da miliyan ɗaya a ƙasar Danmak. Masu shan ƙwaya sun ɗan fi sauran karɓar maganin baƙin ciki, musamman ƴan mata masu shekara 15 zuwa 19. Wannan bai nuna ƙwayar ce kaɗai sanadi ba, amma ya isa a lura.

Ita Yaz ta taimaki mata masu wahala mai tsanani a gwaji. Sai dai matan da aka ba ƙwayar banza, wadda ba komi cikinta, su ma da yawa sun ce sun ji sauƙi, kuma gwajin na wata uku ne kawai. Sinadarin da ke cikinta ya ɗan fi na tsofaffin ƙwayoyi haɗarin daskarar da jini.

Don me ƙwaya ɗaya za ta sanyaya wata, ta hargitsa wata? Wani bincike na 1998 a Amurka ya ba da haske. An tsai da aikin gidan ƙwan wasu mata da allura, wahalarsu ta lafa. Aka mayar musu da sinadaran, ta dawo. Matan da ba su da wahalar tun asali, aka yi musu haka, ba su ji komi ba. Ashe sinadarin da ke jinin waɗannan da waɗancan daidai yake. Jikin ne ke karɓarsa daban, yadda ruwan sama ɗaya ke sauka bisa jigawa da fadama. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa mai tsananin cikin jerin cututtukan da ta sani, shekara 88 bayan rubutun Frank.

Yadda ta iso Nijar

Ƙwayar ta daɗe bisa hanya kafin ta iso gare mu. Faransa ta yi doka a 1920 wadda ta hana tallar maganin hana ciki, dokar ta bi ƙasashen da ta mallaka. Faransa ta sassauta tata a 1967, mu kuwa ta zauna cikin littattafanmu har bayan mulkin kai. A 1984 aka buɗe cibiyar lafiyar iyali a Yamai. A 1985 shugaba Seyni Kountché ya yi jawabi a Matamaye kan yawan jama'a da tazarar haihuwa. A 1988 aka yi dokar da ta halatta amfani da waɗannan magunguna, a 2006 kuma aka ce a riƙa ba da su kyauta a likitocin gwamnati.

Iri biyu ake samu. Akwai mai sinadari biyu, ita muka yi ta zance. Akwai mai sinadari ɗaya, wadda ake ba mai shayarwa. Wannan ta biyun ba kullum take hana ƙwai fita ba, saboda haka kada a sa ran za ta yi maganin wahalar kafin haila.

Mai sinadari biyu ba ta kowa ba ce. Ba a ba mai hawan jini. Ba a ba wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, ko mai shan taba da ta kai shekara 35. Ba a ba mai ciwon ɓarin kai wanda ke farawa da walƙiya ko duhu a ido. Mai jego ma ba a fara mata ita da wuri. Shi ya sa ake auna jini a yi tambayoyi kafin a ba da ita, abin da mai tallar magani a kasuwa ba ya yi. Wadda ke sha, in ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko ƙirji ya riƙe, ko numfashi ya yi wuya, ko kai ya sara irin wanda ba ta taɓa ji ba, a kai ta likita ran nan. Haka nan wadda baƙin ciki ya kai ta ga tunanin halaka kanta.

Sauran aikin yana hannun mai karatu. Har yau babu awon jini da ke nuna wannan wahala. Lokotoro na Landan da na Yamai duk abu ɗaya suke nema, dabarar nan ta Dalton: rubutun kowace rana na wata biyu a jere. Wadda ta koyi riƙe alƙalami ta iya shi. Ta samu ƴar takarda, ta ja layi 30, kowace rana da layinta. Ranar jini ta rubuta J. Ranar ciwon kai, K. Ranar ciwon nono, N. Ranar ɓacin rai, R. Ranar da ba komi ta bar wurin fari. In tana shan ƙwaya, ta sa alama a kwanakin hutu. Wadda hannunta bai faɗa ba tukuna, ɗiyarta ƴar lakwal ko wata aminiya ta rubuta mata.

Bayan wata biyu ta duba inda haruffan suka taru. In sun taru gaban jini suka watse bayansa, wahalar kafin haila ce. In sun taru cikin kwana bakwai na hutu, tsarin shan ne za a duba. In sun fara ne tun ran da ta fara ƙwaya, suka ƙi wucewa bayan wata uku, ana iya sake mata wata iri ko wata hanya daban. In kuwa sun bazu duk wata, to wani abu ne, sai a nemi sanadinsa. Ta naɗe takardar cikin zane, ta tafi da ita likita ranar karɓar ƙwaya.